Tona ɓoyayyar lamba: Manhajar da ke ceton wasu tana jefa wasu cikin haɗari a Amurka

A watan Fabrairun 2009 wani ƙaramin kamfani da ke jihar New Jersey ta Amurka, mai suna TelTech Systems, ya fito da wani tsari da ya sa wa suna TrapCall. Alƙawari ɗaya ya yi wa jama'a: duk wanda ya ɓoye lambarsa ya kira ka, za a nuna maka lambar.

Ga mutanen da ake hana su barci da kira cikin dare, a zage su ko a yi shiru ana numfashi a kunnensu, wannan albishir ne da suka daɗe suna jira. Amma a ofisoshin ƙungiyoyin da ke kula da matan da suka gudu daga gidajen da ake dukansu, labarin ya zo da tashin hankali. Dubban matan da suke ɓoyewa sun dogara ne da wannan ɓoye lambar idan dole ta sa su kiran mutumin da suka gudar wa.

Fiye da shekara goma sha biyar bayan haka, TrapCall na nan yana aiki, kuma muhawarar da ya tayar ba ta mutu ba.

Lambar ba ta taɓa ɓuya ba

Abin da yawancin masu waya ba su sani ba shi ne, ɓoye lamba ba ya cire lambar daga kiran. A Amurka mutum kan danna *67 kafin lambar da zai kira. A Birtaniya 141 ake sa wa, yayin da a yawancin wayoyin salula na duniya, har da waɗanda ke hannun jama'a a Najeriya da Nijar, #31# ne ke yin aikin, ko kuma a shiga saitin waya a kashe nuna lamba.

A duk waɗannan hanyoyi lambar mai kira tana bin kiran daga kamfani zuwa kamfani har ƙarshen tafiyar. Abin da ake ƙara mata kawai wata 'yar alama ce da ke cewa kada a nuna. Kamfanin da ke riƙe da layin wanda aka kira shi ne ke ganin alamar, ya mutunta ta, ya rubuta a fuskar waya cewa lambar a ɓoye take. Wato roƙo ne ake yi, kuma roƙon yana aiki ne muddin wanda ke bakin ƙofa ya yarda ya karɓe shi.

Akwai wuraren da tun asali ba sa karɓar wannan roƙo. Layin gaggawa na 911 yana ganin lambar duk wanda ya kira shi. Haka nan lambobin kira kyauta, irin waɗanda ke farawa da 800, waɗanda bankuna da kamfanonin jiragen sama da manyan shaguna ke amfani da su. Dalilin kuɗi ne. Tun da wanda aka kira shi ne zai biya kuɗin kiran, tsarin waya ya ba shi damar sanin layin da ya jawo masa kuɗin. Ana aika masa da lambar ta wata hanya daban da aka gina domin lissafin kuɗi, wadda *67 ba ya taɓawa.

Ta wannan kafa TrapCall ya shiga. Wanda ya yi rajista zai saita wayarsa ta yadda duk kiran da ya ƙi ɗauka, maimakon ya tafi akwatin saƙon murya, sai a karkatar da shi zuwa wata lambar kira kyauta mallakin kamfanin. Idan ɓoyayyar lamba ta kira, sai ya danna ƙin ɗauka. Kiran zai faɗa layin kamfanin, kwamfuta ta karanta lambar, ta sake turo kiran ga mai wayar da lambar a fili. Duk abin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Mai kiran kuwa ba abin da zai ji sai ƙarar waya tana shiga kamar yadda aka saba. Babu saƙo, babu gargaɗi.

Masu amfani da Truecaller za su iya tambayar bambancin. Truecaller, manhajar da aka ƙirƙira a Suwidin, tana ɗaukar lambar da ta riga ta fito a fuskar waya ne ta nemo sunan mai ita a rumbunta. Idan lambar ba ta fito ba, ba ta da abin da za ta bincika. TrapCall kuwa lambar da kanta yake zaƙulowa, kuma dabararsa ta rataya ne a kan yadda aka tsara lambobin kira kyauta a Amurka.

Rigimar ta girmi wayar salula

Tun ranar da aka fara nuna lambar mai kira Amurkawa ke faɗa a kanta. Kamfanin New Jersey Bell na cikin waɗanda suka fara sayar da tsarin, a 1987, lokacin da ake haɗa wani ɗan akwati da wayar gida ta girke domin ya nuna lambar. Babban abin da aka tallata shi da shi a wancan lokaci shi ne maganin masu kiran batsa da masu tsoratarwa, kuma kamfanin ya yi ta cewa ƙorafin irin waɗannan kira ya ragu a inda aka fara.

A maƙwabciyar jiha, Pennsylvania, maganar sai da ta kai kotu. Jami'in kare haƙƙin masu sayayya na jihar, David Barasch, tare da masu rajin 'yancin jama'a da ƙungiyar yaƙi da cin zarafi a cikin gida, sun ƙalubalanci tsarin. A 1990 kotu ta yanke hukuncin cewa nuna lambar mai kira ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar jihar ta hana tatsar bayanan waya, kuma Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da hakan a 1992. Sai da majalisar jihar ta yi sabuwar doka sannan aka samu hanya. Kalifoniya kuwa, inda mutane da yawa ba sa ma yarda a buga lambarsu a kundin waya, ba ta fara ba sai a 1996.

Sulhun da aka cimma shi ne wanda hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta mayar doka a tsakiyar shekarun 1990. Wanda aka kira yana da damar ganin lamba. Wanda ya kira yana da damar ɓoye tasa kyauta da *67. Wanda ba ya son ɓoyayyen kira gaba ɗaya zai iya sa layinsa ya riƙa korar su. Kamfanonin waya kuma an hana su nuna lambar da ke ɗauke da alamar sirri.

An kuma bar wata hanya ga wanda ake yi wa barazana. Idan ya ajiye waya ya danna *57, kamfanin zai adana lambar da ta kira shi ta ƙarshe, ko da a ɓoye take. Amma ba shi za a ba lambar ba. 'Yan sanda ne kaɗai za su iya karɓarta idan ya kai ƙara.

Wannan shi ne ginshiƙin sulhun: za a iya buɗe sirrin, amma mabuɗin yana hannun hukuma. Abin da TrapCall ya yi a 2009 shi ne miƙa mabuɗin ga duk wanda ya yi rajista, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Matar da kotu ta ce sai ta kira

Cikin waɗanda suka fara ɗaga murya akwai Cindy Southworth, wadda a lokacin take jagorantar sashen fasaha na gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cin zarafi a cikin gida ta Amurka, NNEDV. Damuwarta ta shafi wani hali da ake yawan samu.

Mace ta gudu daga mijin da ke dukanta, ta koma wani gari ko ta shiga gidan mafaka. Amma akwai yara a tsakaninsu, kuma kotunan Amurka kan raba riƙon yara ko su ba uba damar ziyara da magana da 'ya'yansa. Saboda haka dole ta kira shi: a tsara ranar da za a kai yaran, a sanar da shi cewa ɗaya ba shi da lafiya, ko a miƙa wa yaron waya su gaisa. Idan ta ƙi, ita ce za ta saɓa wa umarnin kotu. Shekara da shekaru shawarar da ma'aikatan gidajen mafaka ke bayarwa ita ce ta danna *67.

Lambar waya a Amurka tana ɗauke da labari. Lambobi uku na farko suna nuna yanki, ukun da ke biye kuma, idan wayar girke ce, suna iya nuna gari ko unguwa. Ga kuma kamfanonin dillancin bayanai a intanet da ke karɓar 'yan daloli su haɗa lamba da suna da adireshi. Idan daga wayar gidan mafaka aka kira, abin da ya tonu ya wuce mace ɗaya, ya shafi duk matan da ke kwana a gidan. Idan daga gidan ƙanwarta ko ƙawarta ta kira, ta jawo musu su ma.

Masu aiki a wannan fage sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi su ne mafi haɗari ga macen da ake cin zarafinta, domin a lokacin ne mutumin ke ganin ta kuɓuce masa. Shi ya sa jihohi ke kashe kuɗi wajen ɓoye inda irin waɗannan mata suke. Jihar Washington ce ta fara, a 1991, da shirin ba su adireshin gwamnati da za su riƙa sa wa a takardu a madadin na gaskiya, kuma yawancin jihohi sun bi sahu. Kira ɗaya na minti biyu a kan lokacin ɗauko yaro daga makaranta zai iya rushe duk wannan tanadi.

Ba mata masu gudun duka kaɗai ke ɓoye lamba ba. Likita kan kira majinyaci da wayarsa ta kansa bayan tashi daga aiki, ba ya so a riƙa kiransa ƙarfe biyun dare. Malamar makaranta kan kira iyayen ɗalibi. Ma'aikacin jin daɗin jama'a kan kira gidan da aka karɓe wa yaro. Sai ma'aikacin da ya ga ɓarna a kamfaninsu yana son tsegunta wa ɗan jarida, da maƙwabcin da ke son yin ƙorafi ba tare da ya sayi gaba ba.

Martanin Meir Cohen, shugaban TelTech a lokacin, shi ne cewa ɓoye lamba bai taɓa zama abin dogaro ba, domin duk mai lambar kira kyauta yana ganin lambobin tun da daɗewa. A wannan ya faɗi gaskiya. Sai dai kafin 2009 mutum na buƙatar ilimin fasaha da ɗan jari kafin ya haɗa wannan tarko a wayarsa. Tsohon miji mai fushi ba lallai ne yana da su ba. Bayan 2009 abin da yake buƙata bai wuce 'yan mintuna a intanet ba.

Akwai kuma wani abin da masu suka suka kira cin tudu biyu. A lokacin TelTech ɗin dai shi ne mai SpoofCard, tsarin da ke ba mutum damar kira da lambar bogi, ta fito a fuskar wayar wanda aka kira kamar ta gaske. Shawarar kamfanin ga masu tsoron a gano su ita ce su yi amfani da wannan. Wato a lokacin kamfani ɗaya ne ke sayar da maganin ɓoye lamba, yake kuma sayar da maganin maganin.

Waɗanda ake kira su ma suna da hujja

Zai zama rashin adalci a ɗauka cewa masu sayen TrapCall duk mugaye ne. Da yawansu mutane ne da aka kai bango.

Mace ɗayar da ake tsoron a gano maɓoyarta, sau da yawa ita ce kuma ake kira sau talatin a dare da ɓoyayyar lamba. Ta san wanda ke kiran, amma sani daban, hujja daban. Alƙali ba zai ba ta takardar umarnin nisantar da shi ba, ko ya hukunta shi kan saɓa wa takardar, a kan zato kawai. Jerin kira da lamba da lokaci shi ne abin da kotu ke ganewa.

Dokar tarayyar Amurka ta haramta kiran mutum a ɓoye da niyyar cin zarafi ko tsoratarwa, kuma hukuncin zai iya kaiwa ɗaurin shekara biyu. Amma doka a takarda ba ta ɗaukar waya. Hanyar *57 tana da nauyi: wasu kamfanoni na cajin kuɗi a kan kowane danni, sai an kai rahoto ofishin 'yan sanda, sai jami'i ya ga lamarin ya kai a bi, sannan ya nemi bayanan daga kamfani. Ofishin da ke fama da fashi da kisa ba kasafai yake sa ƙorafin kiran dare a gaba ba. Mutumin da ya yi wata uku ba ya barci, idan aka ce masa ga hanyar da zai ga lambar yanzu-yanzu, da wuya ya tsaya tunanin wata mata da bai sani ba a wani gari.

Matsalar ita ce manhajar ba ta da hanyar bambance su. Rajistar wadda ake tsangwama da ta mai tsangwamar iri ɗaya ce, kuɗin da suke biya ɗaya ne.

Darasin barazanar bam ta 2017

A farkon 2017 aka gwada ɗaya hanyar, ta hukuma, a idon duniya. Daga watan Janairu cibiyoyin al'ummar Yahudawa a faɗin Amurka suka fara samun kiran barazanar bam, har adadin ya haura 100. An riƙa kwashe yara daga azuzuwan renon da ke cikin cibiyoyin ana fitar da su waje cikin sanyi. Ba a samu bam ko ɗaya ba, amma tsoro ya cika iyaye.

Dokar FCC ta hana kamfanonin waya bayyana ɓoyayyar lamba ta zama cikas. Sanata Chuck Schumer ya nemi a sassauta, kuma a watan Maris hukumar ta ba da izinin gaggawa na wucin gadi domin a iya ganin lambobin da ke kiran cibiyoyin. A watan Oktoba na shekarar ta mayar da abin doka ta dindindin: idan kira ya ƙunshi barazanar kisa ko mummunan rauni, jami'an tsaro za su iya neman lambar daga kamfani a madadin wanda aka yi wa barazanar. An kuma gindaya sharuɗɗa a kan waɗanda za su ga lambar da yadda za a adana ta.

Turai ta daɗe a kan irin wannan tsari. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 kan sirrin sadarwa ta ba kowa damar ɓoye lambarsa kyauta, sannan ta ba kamfanoni damar ɗage sirrin na ɗan lokaci idan mai layi ya nemi a bi sawun masu damunsa, da kuma ga layukan gaggawa. A Jamus mutum kan rubuta wa kamfaninsa ya bayyana irin damuwar da ake yi masa kafin a ɗana masa tarkon. Akwai takarda, akwai wa'adi, akwai wanda zai amsa tambaya idan aka yi amfani da abin ba daidai ba.

Amma lamarin 2017 ya nuna wani abu da ya fi dokar muhimmanci. Wanda aka kama kan yawancin kiran, a ƙarshen watan Maris, wani matashi ne mai shaidar zama ɗan Amurka da Isra'ila, yana zaune a garin Ashkelon na Isra'ila. Bai dogara da *67 ba. Ya bi ta intanet ne da kayan sauya murya da na ɓatar da sawu, kuma sai da hukumar FBI da 'yan sandan Isra'ila suka haɗa kai kafin a kai gare shi. Kotun Isra'ila ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2018.

Wa tarkon ke kamawa?

A nan ne lissafin ya karkata. Tona ɓoyayyar lamba yana aiki ne a kan wanda ya kira da layinsa na gaskiya ya kuma amince da *67. Ɗan damfara na zamani ba ya ɓoye lamba, domin ya san mutane ba sa ɗauka. Lambar bogi yake sa wa, ta banki ko ta ofishin haraji ko ta unguwar wanda zai cuta. Idan aka bi irin wannan kira da tarko, abin da zai fito shi ne lambar bogin ko ta wani kamfanin intanet da kiran ya ratso.

Majalisar Amurka ta yi dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Disambar 2010, wadda ta haramta sa lambar bogi da niyyar zamba ko cutarwa, da tarar da za ta iya kaiwa dala 10,000 a kan kowane laifi. An tsara ta ne a kan niyya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kada a haramta wa gidajen mafaka da likitoci kare lambobinsu. Daga 2021 kuma an wajabta wa manyan kamfanonin waya amfani da wani tsarin sa hannu na lantarki da ke tantance ko lambar da ta fito ta mai kiran ce. Dukansu suna yaƙi ne da lambar ƙarya. Babu wadda ta rufe kafar lambar kira kyauta da TrapCall ke bi.

Saboda haka waɗanda suka rage a cikin tarkon su ne marasa wayon fasaha: tsohon saurayi mai naci, ɗalibi mai tsokanar malaminsa, da kuma matar da aka gaya wa a gidan mafaka cewa *67 zai kare ta. Biyun farko sun cancanci a kama su. Ta ukun kuwa kuskuren na iya zama na rai.

Ƙungiyoyin kare mata sun sauya shawarar da suke bayarwa. Yanzu sukan ce a ɗauka cewa duk ɓoyayyar lamba za a iya ganin ta. Wadda dole ta kira mutumin da ta gudar wa, ta nemi wata lamba ta daban da ba ta da alaƙa da inda take zaune, kamar ta Google Voice, ko wata ƙaramar waya mai katin kira da aka ware domin wannan kaɗai. Wasu kotunan iyali kuma sukan umarci iyayen da suka rabu su riƙa magana ta manhajojin musamman da ke adana duk saƙon da ya shiga tsakaninsu, domin alƙali ya iya dubawa.

Duk wannan sai wadda ta samu mai gaya mata. Ita kuwa *67 tana nan a tsarin waya yadda take tun shekarun 1990: mai kira zai danna, wayar ta shiga, ba tare da wata alama da za ta nuna masa ko lambarsa ta fito a ɗaya ɓangaren ba.